Jar Motar Baba

"Wa ya sa ka ɗauko hayar wannan akwalar?" Baba ya daka wa Yaya tsawa a ƙofar gida.

Yaya ya ce tafiyar daga wannan ƙarshen ƙasa ce zuwa wancan, kuma jar motar tseren Baba ta tsufa.

"Ta tsufa? Tun kana rarrafe nake murza ta, ba ta taɓa kunyata ni ba. Ni za a kai ganin jikata a motar haya, a kujerar baya kamar buhu? Ku ba ni makullina."

Makullin yana hannuna, Yaya ne ya ce in ɓoye. Amma raina ya gama ɓaci, don kullum shi ke yanke mana hukunci.

"Yaya, ka ji kunya," na ce. "Motarsa ce, kuma jiya bakanike ya ce lafiyarta ƙalau. Mulkin naka ya isa haka."

Yaya ya tsura wa Baba ido.

Baba ya tako cikin rana yana huci, ya miƙa hannu. "Ku dube ta yadda take sheƙi. Wannan ce za ta mutu a hanya?"

Motar tana can hagu, ƙarƙashin rumfa. Abin da Baba ke nunawa jan tankin ruwan maƙwabcinmu ne.

Sai a lokacin na gane idon Baba ya daina gani sosai.

"Baba," na ce, "a motarka za mu tafi. Amma yau ni zan ja ka."