Layi na Bakwai

Tela ya durƙusa a gindin dashensa na ƙarshe, ya taɓa ganye ɗaya da yatsa, ganyen ya faɗo. Da ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a layi na bakwai, layin ƙanensa Auta, inda itatuwa ashirin suka tsaya kore shar, har sun kai ƙugun mutum.

Wata huɗu ke nan da wata ƙungiyar agaji ta shigo unguwar da manyan motoci masu tayar da hayaƙi, ta yi dogon jawabi a kan tsabtace iska, ta raba huluna. Ta killace filin da ke bayan kasuwa, ta raba wa mutum goma layi-layi ta hanyar ƙuri'a, kowa da dashe ashirin. Sharaɗin ɗaya ne: wanda itatuwansa suka fi rayuwa, shi za a ɗauka aikin kula da gandun, aiki na dindindin.

Babu wanda ya kai Tela bukatar aikin nan. Tun da dilolin gwanjo suka cika kasuwa, keken ɗinkinsa ba ya ganin komai sai facin wando da rage ƙugu, ga 'ya'ya huɗu a gida. Auta kuwa yana da wurin gyaran babura, ko aure bai yi ba.

Ƙuri'a ta ba Tela layi na biyu, wanda ƙarƙashinsa ɓaraguzan tsohon gini ne. Ya tona, ya kwashe duwatsu, ya zuba taki. Ya bi koyarwar ƙungiyar sau da ƙafa: a huda murfin gorar roba, a yanke gindinta, a binne ta a kife kusa da saiwa, a cika ta da ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Duk da haka tara suka mutu, sauran kuma suna nan kamar marasa lafiya a layin asibiti.

A wata na biyu Auta ya karɓi katin shaidar Tela, ya ce zai karɓo masa bokitin ban-ruwa daga ofishin ƙungiyar. Ya kawo bokitin kuwa, amma abin da Tela ya gani shi ne yaron da ya goya a bayansa ya zama mai shiga ofis yana fita. A gida ma bai tsira ba. Mahaifiyarsu takan ce Auta ko sanda ya dasa sai ta yi ganye, matar Tela ta yi dariya, shi kuma ya tsame hannunsa daga kwano.

Ranar da wani ɗan jarida ya zo ya kira Auta gwarzon muhalli, Auta ya ɗago wa Tela hannu mai baƙin mai.

"Yaya, zo ka tsaya nan a ɗauke ka hoto. Kai ka fi dacewa da wurin."

"Na gode," in ji Tela. "Nawa itatuwan ba su iya murmushi ba."

Ana sauran mako biyu a zo dubawa, Auta ya leƙo shagon Tela yana fara'a.

"Yaya, ranar nan ka sa kayanka masu kyau, waɗanda ka ɗinka da hannunka."

"Don in tafa maka?"

"Kai dai ka sa."

Washegari da tsakar rana, lokacin da mai gadi ya tafi cin abinci, Tela ya shiga gandun da sabon bokitinsa. Ya wuce layinsa bai tsaya ba, ya nufi na bakwai. Ruwan da ke cikin bokitin ya sha gishiri har ya daina narkewa, kuma gorunan Auta a buɗe suke, jere, kamar an ajiye su dominsa. Ya cika ashirin ɗin duka. Bayan kwana biyu ya sake.

Gefen ganyayen ne ya fara ƙonewa, sannan suka nannaɗe, suka zube. A rana ta shida Auta ya ɗanɗana ruwan wata gora, ya tofar. Bai zargi kowa ba. Ya rufe wurin aikinsa, ya wuni yana jidar ruwa don ya wanke ƙasar, amma saiwoyin sun riga sun sha. Da yamma Tela ya tarar da shi zaune a ƙasa, idanunsa jajur.

"Yaya, ka yafe mini," in ji Auta.

Tela ya dafa kafaɗarsa, ya ce haka Allah ya so. A ransa kuwa ya yi mamakin mai sana'a a hannu yana kuka a kan itace.

Ranar dubawa jami'ar ƙungiyar ta bi layukan da takarda a hannu tana ƙirgawa. Layi na huɗu, na wata mai sayar da kayan miya, yana da sha biyar a raye, don haka ita aka ba aikin. Tela ya tafa tare da kowa, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa: bai samu ba, amma Auta ma bai samu ba.

Ana watsewa jami'ar ta tsayar da shi.

"Malam, mun yi baƙin ciki ƙwarai. Da layinka na bakwai bai lalace ba, da tuni mun gama magana a kanka."

"Ranki ya daɗe, nawa na biyu ne."

Ta juya takardar, ta ɗora yatsa a kan sunansa.

"A da ke nan. Tun wata na biyu ƙanenka ya roƙe mu muka musanya, ya ce shi zai riƙa yi maka ban-ruwan, amma kada a gaya maka sai ranar da za ka karɓi aikin."