Tafkin da Ya Warke

Bayan shekara uku, layin da ke hasashen yaɗuwar cutar tsargiya ya sauka kan sifili a kwamfutar wata malamar lissafi. Ta lumshe ido, ta hango tafkinsu: dodon koɗin da ke goyon tsutsar cutar ya ƙare, kifaye na walƙiya kamar azurfa.

Ta juya allon wajen mahaifinta, tsohon masunci.

"Baba, ga ruwanmu ya warke."

Ya daɗe yana kallo. "Madalla. To, a ina zan jefa taruna?"

Ta sake duba allon. Lissafin bai daidaita ba sai da ta hana kowa taɓa ruwan.

A hankali ta goge sifilin da ke gurbin adadin mutanen da ke shiga ruwan, ta rubuta ɗaya. Layin ya soma tashi. Ta gyara zama, ta koma farko.