Bamanga a Bakin Ƙofa

Na'urar cajen ba ta da batir tun Babbar Sallah, amma Bamanga bai fasa shafa wa mutane ita ba. Ya bi hammata, ya bi ƙugu, ya ce a wuce. In ya ga mai babbar riga, yakan ɗan yi fito da baki don a san ana aiki.

Wannan shi ne aikin mutumin da ya fi kowa iya kokawa a Gombe.

Laifinsa ɗaya ne, sauri. Kafin makaɗa su gama kirarin abokin karawarsa, ya riga ya ɗaga shi ya shimfiɗe, wani ɗan kallon ma bai sami wurin zama ba. Alhaji Bappayo, mai filin kokawar, ya ja shi gefe ya ce, "Kai ba ka san wasa ba. Mutane kallo suka zo yi, ba jin sakamako ba." Aka ce ya ɗan huta. Shekara tara ke nan yana ɗan hutawa: ya yayyafa wa fage ruwa, ya ɗauki ganguna, ya kori awaki. Da bama-bamai suka fara tashi a tasha da kasuwa, hukuma ta ce ba taro sai da caje, sai aka ƙara masa girma zuwa bakin ƙofa.

Matarsa Jamilatu a cikin hutun ta aure shi. "Baban Yusra," in ji ta, "ni fa ko ragon layya ban taɓa ganin ka kayar ba sai da taimakon maƙwabta." Ya yi dariya, amma maganar ta ci masa rai. Shekarunsa talatin da takwas, gwiwa ta fara ƙara da safe. Ba ya son komai a duniya illa a gan shi a fage sau ɗaya, da ido, kafin jikin ya ƙi.

Sai ga dama ta faɗo. Bappayo ya gayyato Bakari Girgizar-Ƙasa daga Nijar, wanda mawaƙa suka ce tsawonsa ya kai giginya, kuma shekara goma sha ɗaya bayansa bai taɓa ƙasa ba. 'Yan kokawar gari biyu suka kwanta zazzaɓi. Na ukun ya tafi Kumo ta'aziyyar kawunsa, wanda aka gani a kasuwa washegari yana cinikin albasa.

"Kai za ka shiga," in ji Bappayo. "Ka caje mutum na ƙarshe, ka rufe ƙofa, ka taho."

Ranar, rabin mutanen unguwar Nasarawo suka zo. Jamilatu da Yusra suka zauna a benci na gaba. Sojoji sun tare motoci tun daga nesa, kowa a ƙafa ya ƙaraso, ana ta sauke mutane ana jinkirta wasu. Bamanga ya caje mutum dubu uku.

La'asar ta yi, ya kama ƙyauren zai rufe, sai ga wani gajere mai faɗi shi kaɗai. Ya sa ƙatuwar kwat a tsakiyar zafin Maris, ya naɗe fuska da rawani, gumi na zuba, leɓensa na motsi a ƙarƙashin ƙyallen. Bai yi sallama ba. Makaɗan da ke kan dakali suka canja kiɗa.

"Malam, ɗaga hannu."

Mutumin ya girgiza kai. Bamanga ya miƙa na'urar, mutumin ya ja da baya kamar an miƙo masa wuta, sai gaban kwat ɗin ya buɗe kaɗan. Wasu abubuwa ne jere a ƙugunsa, ƙulli-ƙulli, an ɗaure tam, ga igiya tana reto. Mai furar da ke bakin ƙofa ita ma ta gani. Kalma ɗaya ta ƙwala, filin ya watse ta kan katanga.

Bamanga ma ya so gudu. Amma matarsa da 'yarsa suna bayansa. Kowa a garin ya san dabarar: a riƙe hannayen kada su kai ga igiyar. Ya yi kalmar shahada ya rungume shi.

Mutumin bai nemi igiya ba, ƙugun Bamanga ya nema. Suka sarƙe. Bamanga ya sa ƙafa, aka kauce. Ya ɗaga, aka yi nauyi kamar buhun gishiri. Sau biyu gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa. Tunda yake bai taɓa minti guda riƙe da mutum ba, wannan kuwa har numfashi ya fara ƙare masa, yana cewa a ransa lallai mutanen nan horon da ake ba su a daji ya wuce misali. Daga ƙarshe ya tattara hutun shekara tara, ya sunkuya, ya ciccibe shi sama ya maka da ƙasa. Ya danne, ya runtse ido, yana jiran ƙara.

Shiru. Ya buɗe ido. Ba kowa a filin sai takalma da ƙwaryar fura a kife. Jamilatu ma, alhamdulillahi, ta tsere da yarinyar.

Bappayo ya rarrafo daga ƙarƙashin teburin tikiti. Ya dubi guraye da layun da suka zubo daga kwat ɗin, irin waɗanda malami kan ce kada a taɓa, kada kuma a yi magana da kowa sai an shiga fage. Ya ɗaga rawanin, ya yi salati, ya waiga hagu da dama.

Mutum dubu uku suka zo ganin ranar da bayan Bakari Girgizar-Ƙasa zai taɓa ƙasa, kuma ko ɗaya bai tsaya ya gani ba.