Ƙarar Keken Umma

"Kullum Malama ta ce, Malama ta ce!" Mai ɗinki ta yi jifa da almakashi. Tun da 'yarta ta shiga ajin koyon fiyano kyauta na 'ya'yan talakawa, ba ta da zance sai na malamar. Ita da ta haife ta ta zama 'yar kallo.

Washegari ta nufi makarantar don ta cire yarinyar. Malamar ta tarbe ta fuska a ɗaure.

"Ke ce Umman? Wallahi kin ishe ni! Wata shida ina koya mata, ko kallon hannuna ba ta yi. Sai ta rufe ido tana taka ƙafa, wai da ƙarar kekenki take auna kiɗan. Kullum Umma ta ce, Umma ta ce!"