Lambar da Ta Ƙi Shiga

Tunda kai aka danƙa wa littafin ƙungiya, zauna in ba ka wani misali kafin ka fara aiki.

A wani gari an yi wani magatakardan ƙungiyar masu gyaran keken ɗinki. Shi ke kula da littafin da suke bugawa duk shekara, mai ɗauke da sunan kowane ɗan ƙungiya da inda shagonsa yake da lambar wayarsa, don tela ya san inda zai nufa in kekensa ya tsaya. Wata shekara shugabanni suka yanke cewa a bi kowa ta waya, wanda aka kira sau uku ba a samu ba a cire sunansa. Magatakarda ya kira mutum ɗari da 'yan kai, kowa ya amsa, sai lamba ɗaya da ta ƙi shiga. Ta wani dattijo ce cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ya ɗora alƙalami a kan sunan, hannunsa ya ƙi jan layi. Washegari ya rufe shagonsa ya nufi adireshin da ke rubuce, ya tarar takalma ake sayarwa a wurin. Mai takalma ya tura shi ga mai shayin bakin layi, mai shayi ya tura shi ga limamin masallacin kasuwa, liman ya kwatanta masa wata unguwa can bayan gari, inda mota ba ta shiga sai an sauka an taka.

Bayan la'asar ya iske dattijon a zauren gidan 'yarsa, zaune kan tabarma shi kaɗai. Yanar ido ta rufe masa gani, waya kuwa tun da ta lalace bai sa an gyara ba, don ba mai kiransa. Da ya gane muryar baƙon sai ya ce, "Sunana ka zo cirewa?" Magatakarda ya ce, "A'a, Baba, adireshi na zo gyarawa." Suna cikin hira sai ƙarar keke ta taso daga maƙwabta. Dattijon ya karkata kunne, ya ce allurar can ta lanƙwashe, ƙoshiyar da ke ɗauke da zaren ƙasa kuma tana neman mai; kwana uku ke nan yana jin ta, nauyi ya hana shi aikawa a faɗa musu. Magatakarda ya je ya yi wa maƙwabcin sallama, aka fito da keken, ya buɗe ya ga haka abin yake. Nan take ya ɗora littafin a gwiwa ya rubuta sabon adireshi dalla-dalla: bayan injin niƙa, gida na uku mai darbejiya a ƙofa. Ya sa lambar 'yar. A gurbin sana'a ya rubuta, mai gane ciwon keke da kunne.

Da littafin ya fito, masu gyara suka fara ɗauro kekunan da suka gagare su a bayan babur. A taka masa, ya saurara, ya faɗi inda matsalar take. Mutumin da a da yake wuni da rigar barci, ya koma tun da hantsi yana tambayar 'yarsa ina hularsa, kada baƙi su same shi haka. Shekara biyu ya yi a wannan hali. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, 'yan ƙungiya suka cika zauren har waje, su suka ɗauki makara, kuma ba wanda ya tsaya tambayar hanya.

To, in lamba ta ƙi shiga, kada ka yi saurin jan layi, sa takalminka. Hausawa dai sun gama magana da suka ce, zumunta a ƙafa take.