Tukunyar Gas Ɗin da Anselmo Bai Faɗa Ba

Jama'a, yin shiru a inda ya kamata a yi magana shi ma ƙarya ne, ko da mai shi bai buɗe baki ba. Wannan shi ne laifin maƙwabcina Anselmo Ferreyra, kuma zan faɗa muku yadda ya kwashe da shi.

Shekara ashirin da biyu Anselmo ya yi a masana'antar firji a nan Rosario. Da aka sallame shi, ya tattara kuɗin sallamar ya sayi mota, ya shiga haya. Ita ce cinsa, ita ce shansa, shi da matarsa Ofelia. Ya yi mata cikakkiyar inshora a wurin Doña Nélida, wakiliyar kamfani da ke bayan kasuwa, kuma bai taɓa fashin biya ba.

Da fetur ya yi tsada, sai ya yi abin da kowa ke yi. Ya kai motar aka ɗaura mata tukunyar gas a cikin but don ta riƙa aiki da gas maimakon fetur, aka gwada, aka manna masa sitikar shaida a gilashin gaba. Har nan babu laifi.

Lokacin sabunta takardar inshora ya zo, Doña Nélida ta aiko saƙo: a turo sababbin hotunan mota, gaba da baya, da but a buɗe. Ranar Lahadi ce, ana gasa nama a tsakar gida, ƙanin Ofelia mai suna Tito yana nan yana shan shayin mate.

"Kai tsoho, kada ka kuskura," in ji Tito. "Suna ganin tukunyar nan za su ƙara maka kuɗi. Ba ka da tsoffin hotuna a waya?"

"Ina da su. To amma ba matsala?"

"Wace matsala? Ga sitikar hukuma a gilashinka kamar tambarin jaki. Duk ƙasar nan wa bai san motarka tana shan gas ba?"

Ofelia ta leƙo daga kicin. "Tito, kai da ko keke ba ka da shi, kai ne malamin inshora? Anselmo, kira matar nan ka tambaye ta mana."

"Yaya, ke dai kawo burodi. Maganar maza ce."

Anselmo ya duba wannan, ya duba wancan. Bai gane abin da zai ƙaru ba, bai kuma tambaya ba. Ya tura tsoffin hotunan, but wayam, ba komai sai tayar ko-ta-kwana.

Bayan wata bakwai, da rana tsaka, ya sauke fasinja a gaban gidan burodi sai hayaƙi ya taso daga gaban motar. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, ta zama ƙarfe. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone, tukunyar ma ba ta fashe ba.

Anselmo bai ko yi kuka ba. Ya ce wa Ofelia, "Kwantar da hankalinki, ina da inshora."

Mako uku yana jira. Ranar da Doña Nélida ta kira shi, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Ta ajiye hotuna biyu a kan tebur: wanda ya tura, da wanda mai binciken kamfani ya ɗauka bayan gobara.

"Anselmo, wannan tukunyar daga ina?"

"Tawa ce. An gwada ta, akwai sitika."

"Sitika ta masu duba gas ce. Mu wa ya faɗa mana?"

"To ba duk abu ɗaya ba ne? Na ɗauka takardun suna haɗuwa a wani wuri."

"A ina za su haɗu? Kamfani ya ce ba zai biya ba."

Ya sosa kai. "Tsaya, Doña. Wutar nan daga gaba ta tashi. Tukunya tana baya, ko fashewa ba ta yi ba."

"Bututun gas ɗin ina ya nufa? Ba gaban ba? Amma ba ma wannan ba ce maganar. Motar da muka ɗauki nauyinta mai fetur ce. Wadda ta ƙone wata mota ce daban."

"Wata daban kamar yaya? Lambarta ɗaya! Ni na tuƙo ta da hannuna!"

"Kai kuma ka turo hoton nan da hannunka."

Ya juya hoton, ya sake juyawa, kamar zai ga wani abu a bayansa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da na faɗa, nawa za a ƙara mini?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Bai kai abin da kake samu a jigila biyu ba, a wata. Da kira ɗaya, da na rubuta maka."

Har yau in ka zauna da shi a ƙofar gida, zai ce maka bai gane ba. "Na biya, kowane wata na biya," haka yake ta maimaitawa. Tito kuwa ya daina zuwa cin naman Lahadi.

Ku ji da kyau: duk abin da ka canza a jikin motarka, ka faɗa wa mai inshora a rubuce, ranar da ka canza. Abin da ba ka gane ba, ka tambayi mai aikin, ba surukinka ba.

Ga abin da Anselmo ya rasa. Mota, wato guminsa na shekara ashirin da biyu. Tukunyar gas da bai daɗe da sakawa ba. Kuɗin inshora na shekara huɗu da ya zuba. Da sana'arsa. Yanzu yana da shekara hamsin da tara, yana tuƙa motar wani, rabin abin da ya samo na mai mota ne.