Gaiwar da Baba Ya Mayar Cikin Ƙasa

Duk sanda aka yi ruwa a Guangzhou, nan ƙasar Sin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan mayar da ni fadamar Nguru.

Da rani ne, laka ta bushe ta tsattsage. Baba ya durƙusa yana ƙwanƙwasa ƙasa da yatsu kamar yayyafi.

"Kasa kunne, ɗana."

Sai na ji gurnani ƙarƙashin ƙafata. Ya haƙa, ga gaiwa a naɗe, kifi da ransa, ba ɗigon ruwa!

"Baba, mun sami na miya!"

Ya daɗe yana kallonta. "Damina ta kusa. Ta sha jira." Ya rufe ramin.

Yau ruwa ya tare ni a ƙofar kasuwa. Ƙamshin ƙasa ya taso, na tuna Baba da gaiwar da ta sha jiran ruwa, na kasa buɗe lema.